Launi Bakwai a Goshin Prabin

Sau uku ke nan Rojina tana ajiye fom ɗin nan a teburin Saroj, sau uku yana ɗaukar kofin shayinsa ya kauda kai kamar bai gani ba.

Yau Alhamis. Ranar Litinin da sha biyun rana jami'a za ta rufe karɓa. Awa ɗari uku na sanin makamar aiki aka ɗora mata kafin ta kammala digirinta na kasuwanci, ta kuwa yi su cif a wannan kamfani mai shigo da shinkafa da kayan yaji cikin birnin Adelaide na Ostiraliya. Ana biyanta kamar kowane ma'aikaci, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ta yi kuskure ba. Abin da ya rage layi ɗaya ne a ƙasan takarda, inda manaja zai sa hannu.

In babu hannun nan ta faɗi kwas ɗin. In ta faɗi, bizarta za ta ƙare a watan Maris kafin a sake buɗe shi. Gonar da mahaifinta ya sayar a Chitwan, can ƙasar Nepal, ya turo ta karatu kuwa guda ɗaya ce, ba shi da ta biyu.

"Yaya Saroj," ta ce a hankali, "takardar nan."

Ya ɗago ya dube ta, ya yi murmushin nan nasa mai sanyi. "Sau nawa zan ce ki daina kirana Yaya?"

"Ka girme ni."

"Direban bas ma ya girme ki. Ni ba Yaya nake nema na zama ba, kin sani."

Ta sani. Duk wani ɗan Nepal da ya girme ta a garin nan Yaya take ce masa, amma na Saroj daban ne, da gangan take nanata shi, kamar mai jan labule. Shekararsa talatin da huɗu, yana da fasfon ƙasar, yana da gida da mota, ga shi ɗan wan mijin Gwaggonta Menuka, wadda Rojina ke zaune a wurinta. Ba mugu ba ne, in za a faɗi gaskiya. Mutum ne dai da bai taɓa son abu ya rasa ba, don haka bai san yadda ake haƙura ba.

"Aikina bai yi ba ne?" ta tambaya.

"Haba, Rojina. Ke kika gyara mana tsarin sito, yanzu buhu ɗaya ba ya ɓata. Na rubuta haka, duba shafi na biyu."

"To saura me?"

Ya shafa ƙeya. "Gwaggo ta ce in dakata sai Lahadi."

"Gwaggo ce manaja?"

"Matar ƙanin babana ce. Ita ta kawo ki nan, ita ta roƙa miki gurbin. Ta ce bayan bikin tika in sa miki hannu a falonta, a gabanta." Ya tura mata fom ɗin da yatsa ɗaya. "Kwana uku ne kawai. Ki yi abin da ta ce, ki huta, kowa ya huta."

Ta ɗauki takardar. Sai da ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ba don in cuce ki nake yi ba."

Ba ta juyo ba, don in ta juyo zai ga hawayen.

*

Abin da Gwaggo ta ce a yi, daren jiya wajen cin abinci ta faɗe shi, tana zuba wa Rojina miyar wake a kan shinkafa, fuskarta wasai kamar mai ba da kyauta.

Ranar Lahadi ce ranar ƙarshe ta bikin Tihar, ranar da mace ke zaunar da 'yan'uwanta maza ta sa musu tika, wato ɗigon launi bakwai a goshi, ta roƙa musu tsawon rai. Wadda ba ta da ɗan'uwa namiji takan zaɓi wani ta sa masa, daga ranar kuwa ya zama wanta ko ƙaninta har mutuwa. Za a gayyace shi bikinta, zai ɗauke ta a bayansa ranar kai amarya. Abu ɗaya ne ba zai taɓa zama ba, mijinta.

Rojina ba ta da ɗan'uwa namiji. Wanda Gwaggo ta zaɓa mata kuwa Prabin ne.

Shi ta kira a waya tana fitowa daga ofis. Suka haɗu a bakin kogin Torrens, a bencin da suka saba, ƙarƙashin bishiyar da ta zubar da furanni masu ruwan algashi da shuɗi har kan hanya. Ya zo da rigar aikinsa ta kamfanin fitar da lemo inda ya yi nasa sanin makamar aikin, nasa fom ɗin tun makon jiya wata Baturiya ta sa masa hannu tana tauna tuffa.

Ajinsu ɗaya tun ranar farko. Shi ne mai zama a baya yana barci saboda sharar asuba da yake yi a wata makaranta, ita ce mai ba shi aron littafi tana masifa. Ba ta san ranar da masifar ta koma wani abu ba. Ta dai lura cewa duk garin nan mutum ɗaya ne bakinta ya ƙi ce wa Yaya, ko da yake ya ba ta shekara biyu.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya fashe da dariya.

"Ni? Gwaggonki za ta bar ni in zauna a falonta? Ashe na samu ƙarin girma."

"Prabin, ba wasa nake ba."

"Matar da ta wanke kofi sau biyu ranar da na raka ki gida na sha ruwa? Na gan ta ta taga fa."

"Ta ce nan Ostiraliya ce, ba a nuna bambanci."

Ya daina dariya. Sunan gidansu Bishwakarma. Bature in ya ji sai ya ce sunan na da tsawo, ya wuce. Ɗan Nepal in ya ji ya san jikan maƙera ne, ya san wace rijiya aka hana kakansa ɗiban ruwa. Rojina kuwa 'yar gidan Adhikari ce, manyan masu asali da ke rataya zaren tsarki a kafaɗa. Wata guda ke nan da wata 'yar gulma ta tura wa Gwaggo hotonsu su biyu a bakin teku a Glenelg, suna shan askirim a kofi ɗaya, tun ranar gidan bai sake yi wa Rojina daɗi ba.

"To ki sa mini mana," ya ce yana ƙoƙarin dawo da wasan. "Garin launi ne da kullun shinkafa. Ina zuwa gida in sa sabulu."

"Innata za ta kalla ta waya. Mata shida Gwaggo ta gayyato. Kafin ka isa gida hoton ya isa Chitwan, ya isa ƙauyenku." Ta dube shi cikin ido. "Faɗa mini gaskiya. In innarka ta ga hoton nan, za ta yarda ka auri matar da ta sa maka tika?"

Innarsa, wadda aka hana shiga ɗakin bautar ƙauyensu shekara arba'in, ta fi masu hana ta riƙo da al'ada. Ita ce ta aiko masa da sarƙar koren dutsen nan da ango ke rataya wa amarya, a naɗe cikin tsohon gyalenta, da saƙon cewa kowace ce ya zaɓa ta yarda. Kowace ce, ban da ƙanwarsa.

"Mu je jami'a," ya ce. "Akwai ofishin masu kula da sanin makamar aiki. Mu faɗa musu manaja ya riƙe takarda saboda maganar aure. Nan ba gida ba ne, za su ci masa mutunci."

Hawayen da ta riƙe tun ofis suka zubo.

"Ka tuna fom ɗin farko? Wanda ake tambaya ko kana da dangantaka da masu kamfanin?"

"Na tuna."

"A'a na zaɓa."

"Rojina!"

"To me zan zaɓa? Ɗan wan mijin gwaggona ne, ba jinina ba ne. A wurinmu wannan ai ba dangi ba ne, tunda har aure ana yi. Sai daga baya na karanta ƙananan rubutun, har da dangin aure suke nufi, har da wanda kake zaune a gidansa. In na kai ƙara, abin da za su fara tonowa ke nan. Su soke awa ɗari ukun, su rubuta cewa na yi ƙarya a takarda."

Ya dafe kai da hannu biyu. Wani tsoho ya wuce da karensa, ya ce musu rana ta yi kyau, suka amsa tare cewa ta yi kyau ƙwarai.

"Gwaggonki ta san da wannan?"

"Ita ta tsaya a kaina na cika."

Can ta kama hannun rigarsa.

"Za ta kira ka, ta karɓi lambarka a wayata. Kada ka zo, Prabin. In ba ka zo ba babu goshin da zan sa wa. Ka kashe waya, ka tafi Melbourne, ka ce ba ka da lafiya, ko me za ka ce ka ce."

"Takardar fa?"

"Ta ƙone."

"Babanki fa?"

"Kada ka ambaci babana!" Ta ɗaga murya har tsuntsayen bakin ruwa suka tashi. "Ka rantse mini kawai. Ka ce ba za ka zo ba."

Ya sa bayan hannu ya share mata kunci. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ba zan zo ba," ya ce.

*

Asabar da hantsi kicin ɗin Gwaggo Menuka ya cika da ƙanshin man shanu. Tana tsaye a gaban kasko tana tsiyaya kullun shinkafa da hannu, yana faɗawa cikin mai zobe-zobe, ko ɗaya bai karkace ba. Shekara ashirin da biyu tana garin nan, ta yi wankin tsofaffi a gidan kula da su, ta yi goge-goge a otal, yau ga ta da gida mai ɗaki huɗu. Mace ce mai alheri, wannan ba a ƙwace mata ba. Sai dai alherinta kamar zanin aro yake, kana ɗaure da shi tana tuna maka mai shi.

Rojina na gefe tana shirya furanni a zare.

"Ja zaren sosai," Gwaggo ta ce. "Kada ya tsinke a wuyan yayanki."

"Ba yayana ba ne."

"Gobe zai zama."

Rojina ta ajiye allurar. Ta durƙusa a kan tayil ɗin kicin ta kama ƙafar Gwaggo.

"Gwaggo, don Allah. Ki ce in bar gidan nan, zan bari. Ki ce kada in gan shi sai na gama karatu, na yarda. Amma kada ki sa ni in yi wannan da hannuna."

"Tashi, mai zai fallatsar miki."

"Me ya yi miki? Ba ya shan giya, ba ya caca, shi ne na biyu a ajinmu."

"Na ce ya yi wani abu? Yaron kirki ne. Shi ya sa na zaɓa miki shi."

"Ya isa ya zama wana, bai isa ya zama mijina ba?"

Gwaggo ta rage wuta, ta juyo da ludayi a hannu.

"Wa, sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya ci ya tafi. Miji kuwa sunansa 'ya'yanki za su ɗauka. Ke kina nan kina shan iskar teku, kin manta kina da ƙanne mata biyu a gida. Ranar da aka ji babbar ta auri ɗan maƙera, wa zai taka ƙofar babanki ya nemi ƙananan? Kin yi tunaninsu? Ko ƙanina ya sayar da gonarsa ne don ki zo ki rufe masa gida?"

"Zamani ya canza, Gwaggo."

"A Adelaide ya canza. Je ki Chitwan ki faɗa musu."

"To takardata me ya haɗa ta da wannan? Gumina ne. Ni na tashi ƙarfe biyar na shiga sito cikin sanyi."

"Ni na samo miki siton." Ta ce da ita babu ko ɗaga murya. "Kina tsammani daɗi nake ji? Na yi miki magana da baki, kin ƙi. Innarki ta yi kuka a waya, kin ƙi. Abin da ya rage a hannuna ke nan, da shi zan riƙe ki. Ki tsane ni yanzu, na yarda. Nan da shekara goma kya zo ki gode mini."

"Ba zai zo ba," Rojina ta ce cikin kuka. "Ya rantse mini."

Gwaggo ta dube ta, wani abu mai kama da tausayi ya gilma a fuskarta. Ta juya ta tsamo zoben da ya fara ƙonewa.

"In bai zo ba, Saroj zai koma da bironsa, ke kuma ki fara haɗa akwati. In kuwa yana sonki yadda kike faɗa, zai zo." Ta miƙa mata faranti. "Ɗanɗana, ki ji ko sukari ya ji."

*

Masana taurari a Kathmandu, babban birnin Nepal, sun ce sa'a mai kyau ita ce sha ɗaya da rabi na safe. A agogon Adelaide ƙarfe huɗu da kwata na yamma ke nan, Gwaggo kuwa ba ta yarda da sa'ar kowace ƙasa ba sai ta gida.

Tun uku falon ya cika. Mata shida cikin jan sari, zanen matan ƙasarsu, sun jeru a kujeru suna gulmar wadda ba ta zo ba. An shimfiɗa darduma a tsakiya, an ajiye tire mai ƙananan kwanoni bakwai na garin launi, ga fitilar mai, ga goron dutse mai taurin ɓawo, ga zaren furannin da Rojina ta shirya. An jingina waya a jikin tulun fure, fuskar Innarta a ciki, ta matso da ido kusa har hancinta ya cika gilashin.

Saroj na zaune can nesa da dardumar, inda Gwaggo ta ajiye shi da kanta. Nasa goshin tun safe ƙanwarsa ta cika shi da launi. Fom ɗin na kan cinyarsa cikin farar ambulan.

Huɗu ta buga. Babu kowa.

Huɗu da minti biyar. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Yaran yanzu ba su san sa'a ba."

Rojina na tsaye a jikin bango. Abin mamaki, daɗi take ji. Digirin na zamewa daga hannunta minti bayan minti, gonar babanta na tafiya a banza, amma daɗi take ji, don ya cika alkawari. Ta fara tsara abin da za ta faɗa wa babanta a filin jirgi.

Huɗu da minti goma aka danna ƙararrawa.

Gwaggo ta tura ta. Ta buɗe ƙofa. Yana tsaye da farar riga a goge, da hular gida a kansa, da ƙunshi a hannu. Ya yi aski. Idanunsa sun kumbura.

"Ka rantse," ta ce da raɗa. "Prabin, ka rantse mini."

"Na rantse."

"To juya. Ba su gan ka ba tukuna. Don Allah juya."

"Saurare ni." Muryarsa ta dushe kamar wanda ya kwana yana tari. "In na juya, watan Maris kina jirgi. Kina sauka za su aurar da ke, ba ki da takarda, ba ki da aiki, ba ki da bakin cewa a'a. Ni ina nan, ba ni da ikon bin ki. Kin rasa ni, kin rasa karatun. In na shiga, ni kaɗai kika rasa."

"Kai kaɗai? Kai kaɗai ka ce?"

"Da digiri a hannunki za ki samu bizar aiki, ki kama ɗakinki, ki ce wa Saroj a'a da bakinki, babu mai riƙe miki takarda. Wannan nake so in bar miki."

"Ban tambaye ka ba! Wa ya ce ka zaɓa mini?"

"Kowa zaɓa miki yake yi, na sani. Ki yafe mini, na shiga layinsu."

"A'a, ga baƙonmu!" Muryar Gwaggo ta taso daga bayanta. "Shigo, ɗana, shigo, sa'a na wucewa. Cire takalmi a nan."

Ya raɓa ta gefenta ya shiga. Ya gaida matan ɗaya bayan ɗaya da hannu a haɗe, ya gaida Inna a waya, ya naɗe ƙafa a kan darduma.

Abin da ya biyo baya Rojina ta yi shi ne kamar mai tafiya cikin barci. Aka ba ta butar mai, ta zagaya shi sau uku tana ɗiga, da'irar da aka ce mutuwa ba ta tsallakewa. Ta shafa masa man a gashi. Gashin nan da ta sha ja in ya yi barci a laburare. Aka ba ta goron dutse da dutsen fasawa, ta kai bakin ƙofa ta buga, ya ƙi fashewa, ta sake bugawa, sai a na huɗu ya tarwatse. Matan suka yi guɗa.

Ta durƙusa a gabansa da tiren.

"Farin tukuna," Inna ta ce daga cikin waya. "Miƙe, daga sama zuwa ƙasa. Rojina, hannunki na rawa, riƙe da kyau."

Ta tsoma tsinke a kullun shinkafa. Ta ɗaga. Hannun ya tsaya a iska, tsakaninsa da goshin bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta dube shi, tana roƙonsa da ido ya tashi, ya ture tiren, ya yi ihu, ya yi ko mene ne.

Sai ya rufe ido, ya matso da goshinsa har ya taɓa tsinken.

Daga nan hannunta ya ci gaba shi kaɗai. Rawaya. Ja. Kore. Shuɗi. Tana ɗorawa tana kuka, hawaye na ɗiga cikin kwanonin, har jan ya fara kwaɓewa.

"Kun gani?" wata daga cikin matan ta ce tana share nata idon. "Yarinyar da ta tashi babu ɗan'uwa. Daɗi ne ya yi mata yawa."

Na bakwai ya hau. Ta rataya masa furanni. Shi ma ya ɗauki tsinke ya sa mata nata, hannunsa ko girgiza bai yi ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Sannan ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan ƙafafunta, kamar yadda ɗan'uwa ke yi. Ya daɗe a haka fiye da yadda aka saba. Da ya ɗago, launin ya bar tabo a yatsunta. Ya miƙa mata ƙunshin, mayafin ulu ne ruwan toka, irin wanda ake ba kowace ƙanwa.

Wayoyi shida suka ɗauki hoto.

"Madalla," Gwaggo ta ce, ta sauke ajiyar zuciya. "Saroj, sallami yarinyar nan, gobe tana da jami'a."

Saroj ya zaro fom ɗin ya ɗora a gwiwa. Bai iya kallon kowa ba. Ya shafa aljihun gaba, ya shafa na wando, ya leƙa cikin ambulan.

"Af. Na bar biron a mota."

Kafin ya miƙe, Prabin ya sa hannu a aljihun farar rigarsa ya zaro nasa ya miƙa masa. Rojina ta gane biron. Ita ta ba shi ranar jarrabawarsu ta farko, da ya zo babu komai a hannu sai hamma.

Saroj ya sa hannu. Bai ɗauki daƙiƙa uku ba.

Aka kawo abinci, Prabin ya ci loma biyu don kada a ce ya raina, ya ce yana da aikin asuba. Gwaggo ta cika masa leda da zoben shinkafa, ta ce gidan nan gidansa ne, baɗi ma tana jiransa, da kowace shekara.

"Rojina, raka yayanki ƙofa."

Ta bi shi har barandar. Ya zauna a matakala yana ɗaura igiyar takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ƙofar falon a buɗe take, ana jin Gwaggo tana gaya wa matan cewa Asabar mai zuwa iyayen Saroj za su zo shan shayi.

"Sarƙar dutsen fa?" Rojina ta tambaya.

"Na mayar wa innata. Jiya da safe na kai gidan waya."

Jiya da safe. Lokacin da take durƙushe a kicin tana rantsuwa cewa ba zai zo ba.

Ya miƙe. Launi bakwai na goshinsa, a miƙe, babu wanda ya karkace. Duk rawar da hannunta ya yi, aikin ya yi kyau.

"Prabin..."

Ya girgiza kai, ya nuna ƙofar da ido. Maganar falon ta tsaya cak. Mata shida da Gwaggo da Inna a cikin waya, duk sun kasa kunne.

"Ki kai takardar da wuri," ya ce da ƙarfi yadda za su ji. "Kada ki jira sha biyu, layi na yin tsawo. Kin ji, ƙanwata?"

Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Ya tsaya yana jira, bai tafi ba, don ya san in ba ta faɗa ba a gabansu, duk abin da suka yi yau bai cika ba. Ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu.

"Na ji," ta ce. "Sauka lafiya, Yaya."